Ina matasan N-Power suka shiga bayan an sallame su?

Assalamu alaikum, Malam Edita. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai albarka in yi magana kan shirin N-Power na gwamnatin tarayya mai ba matasa aikin wucin gadi, domin na ga amfaninsa da idona, na kuma ga yadda aka bar shi ba a kai shi gaci ba.

Ni tsohon hedimasta ne na wata firamare a ƙauye. Gwamnatin marigayi Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da shirin a 2016, ta ɗauki matasa 200,000 a rukunin farko, ta ƙara 300,000 a 2018. Masu digiri da takardar NCE ana ba su alawus na N30,000 a wata, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake N18,000. A rukuni na biyu aka turo mana huɗu su koyar. Kafin zuwansu malami ɗaya ke riƙe aji biyu, ya rubuta aiki a allon nan, ya ruga can ya tsawatar, ya dawo ya tarar yara sun watse gindin darbejiya. Gaskiya ɗaya daga cikin huɗun sai ƙarshen wata muke ganinsa, ba zan ɓoye ba. Amma sauran ukun sun yi aiki tsakaninsu da Allah. Akwai wata yarinya da ta karɓi 'yan aji huɗu da ba su iya haɗa baƙi, kafin shekara ta zagayo da yawansu suna karanta wa iyayensu wasiƙa. Da alawus ɗinta ta shiga adashe ta sayi keken ɗinki, ta kuma riƙa biya wa ƙaninta kuɗin makaranta.

A tsakiyar 2020 aka sallami rukunan biyu. Aka buɗe wani shafi mai suna NEXIT, aka ce su yi rajista don samun rancen jari ta hannun Babban Bankin Najeriya. Waɗanda aka turo mana duk sun yi. Yau ɗaya yana tuƙa adaidaita sahu a birni, ɗaya yana koyarwa a makarantar kuɗi kan albashin da bai kai alawus ɗinsa na da ba, ita kuwa yarinyar tana ɗinki a ɗakin mijinta. Ajinta ya koma hannun malami mai aji biyu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, Malam Edita, shi ne kullum adadin waɗanda aka ɗauka ake sanar da mu. Haka aka yi da ayyuka 774,000, mutum dubu a kowace ƙaramar hukuma, N20,000 a wata har wata uku, daga nan shiru. Haka TraderMoni, shirin rancen ƙananan 'yan kasuwa, da N10,000 ɗinsa. Ɗaukar mutum farkon aiki ne kawai. Tambayar da ya kamata a amsa ita ce: bayan shekara biyu da sallama, mutum nawa ke da abin yi na dindindin? Wanda ya shuka gero ba ya ƙirga amfanin gonarsa da yawan irin da ya zuba, sai ya ga damman da suka shiga rumbu.

Daga baya ma abin ya ƙara dagulewa. A Oktoba 2023 aka dakatar da N-Power don bincike, a Janairu 2024 Shugaba Tinubu ya dakatar da ministar jin ƙai Betta Edu kan batun Naira miliyan 585, sannan ya tsayar da shirye-shiryen NSIPA, hukumar da ke kula da N-Power da sauran shirye-shiryen tallafi, gaba ɗaya na ɗan lokaci. 'Yan rukuni na uku kuwa sun daɗe suna kokawa kan alawus na watanni da ba a biya su ba. Bincike abu ne mai kyau, amma yaron da ya yi aikinsa ba shi ya ci kuɗin ba, kuma shi ne ya fara ɗanɗana kuɗarsa, ga tsadar rayuwa tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023.

Roƙona biyu ne. Gwamnonin Arewa, da kullum ke kukan ƙarancin malamai, su sa hukumomin ilimin matakin farko na jihohi (SUBEB) su fara da waɗanda suka yi shekara biyu zuwa huɗu suna riƙe alli a ƙarƙashin N-Teach, ɓangaren koyarwa na N-Power, duk lokacin da za a ɗauki malamai. An riga an gwada su, hedimastoci sun san na kirki a cikinsu. Ku kuma don Allah ku tura wakilanku ƙananan hukumomi uku ko huɗu, su nemo 'yan rukunin 2016 da 2018 su tambaye su me suke yi yanzu, ku buga mana abin da suka ce. Idan wakilinku ya biyo ta wajenmu, ni da kaina zan raka shi gidajen nawa.

Wassalam.

Tsohon hedimasta, daga Jihar Katsina.