Rahoton Ayyukan Shekara Ga Membobin Ƙungiya

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi.

Kamar yadda tsarin mulkinmu ya tanada, ga bayanin abin da aka yi bana da abin da ya gagara. An gudanar da tarukan wata-wata in ban da na watan azumi, kuma bayanansu suna hannun sakatare.

Aikin da ya fitar da mu kunya shi ne ziyarar Sakkwato, inda muka ɗebo samfurin laka mai falle-falle ta Dange da farar ƙasa ta Kalambaina. Waɗannan duwatsu sun kwanta ne a zamanin Paliyosin, tsakanin shekaru miliyan 66 da 56 da suka wuce, lokacin da wani teku mara zurfi da ya ratso Sahara ya mamaye yankin. Da aka dawo, an jiƙa lakar a ruwan haidurojin feroksaid har ta saki, aka wanke ta a rariya mai ƙofar maikuron 63 (maikuron shi ne ɗaya bisa dubu na milimita), aka shanya, sannan kowa ya zauna gaban madubin ƙara girma da tire baƙi da siririn buroshi mai damshi yana tsintar ƙananan burbushin teku, wato ragowar halittun da suka rayu a tekun, ɗaya bayan ɗaya. Ita farar ƙasar ta ba mu wahala saboda taurinta, sai inda ta gauraya da laka muka samu abin kirki.

A nan ne ƙannenmu ɗalibai suka fara ganin foraminifera da idonsu, wato halittar nan mai tantani ɗaya da ke gina wa kanta ɓawo ɗaki-ɗaki, wadda Bafaranshe Alcide d'Orbigny ya fara tsara rukunanta a 1826. Sun kuma ga ostarakod, ɗan uwan jatanlande mai ɓawo biyu, wanda yake kama da ƙwayar wake amma yawanci girmansa kusan milimita ɗaya ne. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne kafin azahar sun iya rarrabe foraminifera mazauna ƙasan teku da masu yawo a saman ruwa, har wata ɗaliba ta lura da kanta cewa mazauna ƙasan ne suka rinjaya a tirenta, alamar ruwan bai yi zurfi ba. Muna godiya ga malamin da ya ara mana ɗakin gwaji, da waɗanda suka zuba mai daga aljihunsu. Allah Ya saka da alheri.

Sai batun kundin kalmomin ƙananan burbushin teku, wanda aka yi alkawarin fitowarsa bana bai fito ba, kuma na ji ana ta ƙorafi. Ya kamata a san inda aka kwana. Sashen masu ɓawon farar ƙasa ya kammala, har da kokolit, ƙananan faifan da suke taruwa su zama alli. Sashen masu ɓawon silika, wato radiyolariya da diyatom, ya tsaya a rabi, na konodon kuwa, wato ƙananan burbushi masu kama da haƙora, ko layi ɗaya ba a rubuta ba, domin waɗanda suka ɗaga hannu a taro suka karɓi aikin sun daina ɗaukar waya. Rashin hotunan kokolit ma ba laifin kwamiti ba ne, girmansa 'yan maikuron ne, madubin da muke aro ba ya nuna shi, kuma haya a wani wuri kuɗi take ci.

Kuɗin kuwa babu. Waɗanda suka biya kuɗin wata cikakke ba su kai rabi ba, kuma mutanen da suka biya bara su ne dai suka biya bana. Abin mamaki, tun da aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a 2022, ba a rasa mai tambayar yadda zai samu aiki a can, alhali da irin waɗannan burbushi ne kamfanonin mai suke gane shekarun dutsen da suke haƙa, kuma ranar da aka koyar da tsintarsu masu tambayar ba su zo ba. Ni aikin sa kai nake yi, ban ga dalilin da zan riƙa bin babban mutum gida-gida a kan abin da shi da bakinsa ya amince da shi ba.

Kwamiti ya tsayar da Pindiga ta jihar Gombe a matsayin wurin ziyarar baɗi, amma ba za a yi cinikin mota ba sai an ga abin da ya shigo asusu. Duk wanda ake bi bashi ya biya kafin taro mai zuwa, domin a ranar za a karanta sunaye, kuma za a sake raba sashen konodon da na silika ga waɗanda suka halarta.

Wassalam,
Ma'ajin Ƙungiya