Amsa ga mai tambaya kan hoton dare: saki ISO, nemi haske

Assalamu alaikum ɗan'uwa,

Tunda a gaban jama'a ka yi tambayar, bari in amsa a gabansu. Ka ce da haske ya ragu sai kyamararka ta yi ta kai-komo ba ta kama fokas, hoton da ya samu fitowa kuma ya cika da yashi-yashi, alhali ba ka barin ISO, wato lambar da ke ƙara wa hoto haske a cikin kyamara, ya wuce 800. Kana so ka ji ko lokacin sayen sabuwar kyamara ya yi.

Bai yi ba tukuna. Matsalolin nan biyu uwa ɗaya ta haife su: hasken da ke isa sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, ya yi kaɗan.

Kyamara ba fuska take nema ba, iyaka take nema, inda haske ya yi karo da duhu. In ka ɗora mata ɗigon fokas a kan kumatu ko baƙar riga cikin duhu, babu abin da za ta riƙe. Kai shi bakin ido, ko gira, ko inda wuyan farar riga ya haɗu da fata. Zaɓi ɗigo ɗaya da kanka, kada ka bar mata zaɓi. A yawancin kyamarorin DSLR, masu madubi a ciki, ɗigon tsakiya ya fi sauran gani a duhu. Ƙaramar fitilar nan mai taimakon fokas kuwa, a kyamarori da dama sai a AF-S (mai kama fokas sau ɗaya ya tsaya) take kamawa, don haka duba ko kana kan AF-C (mai bin abu mai motsi) ba ka sani ba. In duk ta ƙi, haska abin da tocilar waya, kama fokas, mayar da fokas ɗin na hannu don kada ya sauya, sannan ka kashe tocilar ka ɗauka.

In kuɗi za ka kashe, kashe su a gilashin gaban kyamara, wato lens. Wanda ake haɗowa da kyamara, 18-55mm, in ka jawo shi ƙarshe ƙofar haskensa f/5.6 ce (ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa). Gilashin 50mm f/1.8 yana shigo da haske kusan ninki 10 na wannan. Sai dai a kula, a f/1.8 zurfin fokas siriri ne ƙwarai, ido na iya fita tas kunne ya dushe.

Yanzu zancen yashi, wanda shi ne ya fi damuna a tambayarka. Ba ISO ke ƙirƙirar yawancinsa ba. Haske ƙwaya-ƙwaya yake sauka a sensa, ba bisa tsari ba, kamar yayyafi a busasshen siminti: in kaɗan ne kana ganin ɗigo-ɗigo, in ya yi yawa ko'ina ya jiƙe bai ɗaya. Inda ƙwayoyi 100 suka sauka, saɓanin kusan 10 ne, wato kashi 10 cikin 100. Inda 10,000 suka sauka, kashi 1 ne kacal. ISO ƙara ƙarfin abin da ya riga ya shigo yake yi.

To dubi abin da ɗaure shi a 800 ke jawo maka. Ko dai hoton ya fito da duhu ka haskaka shi a kwamfuta, yashin ya taso daga inuwa, a wasu kyamarorin ma ya fi na ISO 6400 muni, ko kuma shota, mai buɗewa ta rufe don haske ya shiga, ta sauka zuwa 1/15 na daƙiƙa fuskar mutum ta goge. Yashi yana wankuwa, gogaggiyar fuska kuwa ta tafi ke nan. Ni dai ga mutumin da ke tsaye ba na sauka ƙasa da 1/125, mai motsi kuma 1/250 ko sama, in buɗe gilashi, ISO ya hau inda zai hau. Na'urar hana rawar hannu hannunka take gyarawa, ba ta tsayar da wanda kake ɗauka.

Ka riƙa ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta gyara ba. Wurin gyara fara share ɗigo-ɗigon ja da kore, su ne masu muni. Sauran yashin a rage shi da sauƙin hannu, in ba haka ba fata ta koma kamar roba. Tun 2023 manhajar gyaran hoto ta Lightroom ke da Denoise, mai rage yashi a hotunan RAW, yana kuma taimakawa sosai. In abin da kake ɗauka ba ya motsi, kamar gini da dare, ɗora kyamarar a kan mai ƙafa uku, sauke ISO zuwa 100, ka bar shota a buɗe na wasu daƙiƙoƙi.

Wassalam.