Kafin a biya kuɗin koyon tuƙin jirgi mai saukar ungulu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku domin in ja hankalin iyaye da matasan da ke shirin koyon tuƙin jirgi mai saukar ungulu, wato helikwafta. Yawanci abin da ake fara tambaya shi ne nawa ne kuɗin, kuma a wace ƙasa makarantar take. A ganina akwai tambayar da ta fi waɗannan nauyi: wane ne malamin da zai zauna kusa da yaron, kuma a cikin wane jirgi?

Tun ba a nemi makaranta ba, a je wurin likitan da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, wato NCAA, ta amince da shi a yi gwajin lafiya na aji ɗaya. Rashin bambance launi ko ciwon zuciya na iya hana mutum lasisin aiki, gara a sani tun ba a sayar da gona ba.

Farashin da makarantu ke bugawa a takarda na mafi ƙarancin awoyin da doka ta yarda ne. A tsarin Amurka na gama-gari awa 40 ne ga lasisin farko, 150 ga na aiki. A Afirka ta Kudu 50 da 200. Ɗalibi kaɗan ne ke samun lasisin farko a kan wannan adadi, domin iya tsayar da jirgi cak a iska kaɗai yakan ci awoyi da dama. A tambayi makaranta awa nawa ɗalibanta biyar na ƙarshe suka yi kafin su ci jarrabawa. A kuma tambayi mitar da ake lissafi da ita: wata tana fara ƙirge da zarar an tayar da inji, wata sai an ɗaga liba, wato abin da matuƙi ke ja da hannu don jirgi ya yi sama. Bambancin 'yan mintuna ne a kowace fita, amma a fita ɗari kuɗi ne mai yawa. Kada a zuba kuɗin gaba ɗaya, ko da an yi alkawarin rangwame. A watan Fabrairun 2008 makarantar Silver State Helicopters ta Amurka ta rufe rana ɗaya, ɗalibai sama da 2,000 suka tashi da bashi a wuya, da yawansu ba lasisi. A riƙa biyan na awa 10 ko 20, in sun ƙare a ƙara.

Jirgin da aka fi koyo da shi shi ne Robinson R22, saboda araha. Ba don koyarwa aka ƙera shi ba, kuma ba ya yafe kuskure. Farfelarsa biyu ce, mara nauyi. Idan inji ya mutu, matuƙi bai fi daƙiƙa ɗaya da 'yan kai ba ya sauke liba, in ya makara gudun farfela ya faɗi yadda ba zai dawo ba. Haka kuma idan aka tura sandar tuƙi gaba da ƙarfi har jiki ya ji kamar ya bar kujera, jirgin yakan karkata dama. Ɗalibin da ya firgita ya ja hagu, sai kan farfela ya doki turken da ke juya ta, tana iya ɓallewa. Maganinsa a fara jawo sanda baya a hankali, sai nauyi ya dawo a gyara karkatar. Saboda irin wannan hatsari ne hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, wato FAA, ta kafa doka ta musamman a 1995: ɗalibi ba zai tashi shi kaɗai a R22 ba sai ya yi awa 20 da malami, malamin kuma sai yana da awa 200 a helikwafta, 50 daga ciki a wannan samfurin. Kowace kujera kilo 109 take ɗauka, har da kayan da ke ƙarƙashinta, don haka mai jiki ya nemi R44, ko Schweizer 300, ko Cabri G2 na Faransa. Na Faransan farfelarsa tana juyawa saɓanin ta jiragen Amurka, ƙafar da ake takawa ma ta canza.

Malamai da yawa matasa ne da suka gama bara, suna koyarwa don su tara awoyi su wuce babban aiki. Wannan ba aibu ba ne, amma a tambaya: in ya tafi wa zai karɓi ɗalibin, kuma ana rubuta abin da aka koya a kowace fita? In ba a rubutawa, sabon malami zai maimaita darasi da kuɗinka. A biya fitar gwaji guda a lura da shi. Malamin kirki yana zama da ɗalibi kafin tashi ya faɗi abin da za a yi, bayan sauka ya faɗi inda aka kauce. Hannunsa ba ya nisa da liba, amma ba ya ƙwace tuƙi a kan ƙaramin kuskure. Miƙa tuƙi kuwa da baki ake yi, wannan ya faɗa wancan ya amsa, don kada a samu lokacin da kowa ke zaton ɗayan ne ke riƙe. A tambaye shi ko yana koyar da saukar da jirgi ba inji har ƙasa, ko kullum a sama yake mayar da wuta. Mai tsawa a cikin jirgi a rabu da shi. Ɗalibin da ke tsoron malami ba ya faɗin abin da bai gane ba.

A leƙa garejin ma. Jirgi nawa ne ke tashi yau, ɗalibi nawa ke layi? Jirgin haya da koyarwa a Amurka ana duba shi kowace awa 100, Robinson kuma ana yi masa garambawul a awa 2,200 ko shekara 12. Makaranta mai jirgi biyu da ɗalibi talatin ba za ta ba yaro fita uku ko huɗu a mako ba, wanda kuwa ke fita sau ɗaya rabin awarsa wajen tuna darasin baya take tafiya.

Lasisin waje ba a aiki da shi a Najeriya sai NCAA ta tantance ta mayar da shi nata, don haka a tuntuɓe ta kafin tafiya. Yawancin aikin helikwafta a ƙasar nan jigilar ma'aikatan mai ne daga Fatakwal da Legas zuwa cikin teku, inda ake bukatar shaidar iya tuƙi da na'ura kawai cikin gajimare ko hazo. A sa kuɗin wannan horo a lissafi tun ranar farko.

Naku,
Mai karatu daga Zariya