Yaya, ba zan samu bikin Auta ba

Bradford, Ingila
Nuwamba 2025

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, da Umma da Anti da yara duka. Yaya ƙafar Umma? Ni lafiya lau, sai sanyi da duhu. Yanzu ƙarfe huɗu da 'yan mintuna ake kiran magariba a nan.

Na ga saƙonka cewa an sa ranar Auta, ƙarshen Disamba. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lafiya. Na rubuto ne maimakon in kira, don in na ji muryar Umma ba zan iya faɗa ba: ba zan samu zuwa ba. Ka karanta a tsanake, sannan ka zauna ka warware mata, kada ta ɗauka Turai ce ta fara shiga kaina.

Bizar da na shigo da ita ta ɗalibi ce, kuma da karatun take ɗaure. Digiri na biyu shekara ɗaya ne, suka ɗora mini wata huɗu a kai, za ta ƙare a Janairu. Sakamako ya fito, alhamdu lillahi na haye, makaranta kuma ta sanar da ma'aikatar cikin gida cewa na kammala. Sai an yi wannan sanarwar mutum yake iya neman bizar da suke kira Graduate, wadda mutanenmu a nan ke ce wa PSW. Shekara biyu ce ta zama da aiki, ba ƙayyade awa ashirin na aiki a mako kamar ta ɗalibi, ba kuma sai wani kamfani ya tsaya maka ba.

Na shigar da takarduna farkon watan nan, kwana kaɗan kafin ku sa rana. Dokarsu ita ce daga cikin ƙasar ake nema, kuma in ka nema ba ka fita sai amsa ta zo, yawanci cikin mako takwas. Fasfona yana hannuna, ba mai tare ni a filin jirgi. Amma ranar da na sauka Kano, a wurinsu na janye buƙatata ke nan, ga tsohuwar bizar tana dab da mutuwa, kuma ba a neman wannan daga Najeriya. Kwana biyar na biki su cinye shekara biyu.

Za ka ce to in amsar ta zo da wuri fa? Nan kuma sai maganar aljihu. Kuɗin nema fam 880. Kuɗin asibiti fam 1,035 a shekara, kuma na shekara biyun ake biya a dunƙule, ko mutum bai taɓa shan ko da maganin mura ba. Jimilla fam 2,950, sama da naira miliyan biyar. Abin da na tara ne daga ɗaukar kwali a sito tun bara, na cike da adashin da muke yi mu shida a masallaci, aka yi mini alfarma na ɗauki kwasar farko. Har Afrilu ina zubi. Tikitin Disamba kuwa kai ma ka san yadda yake tashi.

Sai maganar da ta fi damuna, wadda Umma ba ta taɓa rufe waya ba tare da ta yi ta ba: yaushe zan ɗauko iyalina. Tun Janairun 2024 aka hana masu irin digirina zuwa da mata da 'ya'ya, sai masu karatun bincike kamar na dokta da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Na san da haka kafin in taho. Abin da ban lura da shi ba sai da na zo cike takarda shi ne, sabuwar bizar ma ba ta buɗe ƙofar ba. Matar da take nan tare da kai tun kana ɗalibi ita ce kawai za ta bi ka cikinta. Na gaya wa maman yara da kaina, ta yi shiru, ta ce Allah ya zaɓa mafi alheri. Wannan shirun ya fi mini faɗa ciwo.

Hanya ɗaya ce ta rage: in samu kamfani mai lasisi da zai ɗauke ni aikin ƙwararru ya tsaya mini. Tun Yulin bana mafi ƙarancin albashin da ake nema ya koma fam 41,700 a shekara, ko da yake ana sassauta wa sababbin masu digiri. Bizar Graduate ba a sabunta ta, shekarunta biyu kuma ba sa shiga lissafin shekara biyar na samun zaman dindindin, wanda ma gwamnati ke maganar mayar da shi goma. Na yanke wa kaina shawara, Yaya: zan nema da gaske, in wa'adin ya cika ban samu ba, in tattaro kayana in dawo da mutuncina. Ba zan zauna ko kwana ɗaya ba takarda ba.

Don Allah ka ba Kawu haƙuri game da mutumin da ya haɗa ni da shi, mai cewa zai samo mini COS, wato takardar da kamfani ke ba wanda ya tsaya wa don neman bizar aiki, na aikin kula da tsofaffi in na ba da kuɗi. Na san alheri Kawu yake nufi. Amma takardar nan ba ta sayarwa ba ce. Na ga waɗanda suka saya, aka ƙwace lasisin kamfanin, aka ba su kwana sittin su sami wani ko su bar ƙasar. Kuma tun Maris ɗin 2024 masu shiga wannan aikin ba sa kawo iyali. Ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ɗan Kawu kuma da yake shirin tahowa karatu baɗi, a gaya masa duk wanda ya nemi Graduate daga 1 ga Janairun 2027 wata goma sha takwas za a ba shi, ba shekara biyu ba. Ya yi lissafinsa da wannan kafin a sayar da gonar.

Da zarar biza ta fito ina iya shiga da fita yadda nake so. Niyyata ƙaramar Sallah, cikin Maris, in Allah ya yarda kuma sabon wurin aiki ya ba ni hutu. Gudummawata ta biki zan turo ta asusunka ƙarshen wata, ba yawa, ka sa a kayan ɗaki, kada ka gaya wa kowa adadin. Ranar ɗaurin aure ka sa wani yaro ya riƙe mini waya in ji fatiha.

Ka hana Umma ba mai tahowa kilishi, ƙwacewa suke yi a filin jirgi. Kuka da yaji dai ina so.

Naka ƙani