Haƙƙin kare a kan mai shi idan za a ƙetare teku

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu domin in ja hankalin masu karatu, musamman mazauna Birtaniya da ƙasashen Turai, a kan wani al'amari da ake yi wa riƙon sakainar kashi, wato tafiya da kare zuwa wata ƙasa a mota ko a jirgin fito. Na yi irin wannan tafiya tsakanin Ingila da Faransa ba sau ɗaya ba, kuma abin da idona ya gani a tashar jiragen ruwa, haɗe da abin da ya same ni ni kaina, shi ya hana ni yin shiru.

Kafin a zargi hukumomi da tsanantawa, yana da kyau a san abin da suke gudu. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, ciwon haukan kare yana hallaka mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu daga kare suke kamuwa. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Birtaniya ta daɗe da rabuwa da wannan ciwo a cikin karnukanta, shi ya sa har zuwa shekarar 2000 kusan duk karen da aka shigo da shi sai an killace shi wata shida cur. Sauƙin da ake samu a yau, har mutum ya wuce da karensa a rana ɗaya, ya dogara ne kacokan a kan bin ƙa'idojin lafiya daki-daki.

Waɗannan ƙa'idoji a jere suke, kuma wanda ya gabatar da na baya sai ya koma farko. Da fari likitan dabbobi zai dasa wa karen wata 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lamba goma sha biyar, wadda ake karantawa a kan iyaka. Daga nan sai allurar rigakafin haukan kare, wadda ba a yi wa ɗan kwikwiyon da bai kai mako 12 ba, sannan a jira kwana 21 kafin a kama hanya. Idan aka yi allurar kafin dasa na'urar, hukuma ba ta lissafa ta, domin babu shaidar cewa wannan karen ne aka yi wa. Tun daga ranar 1 ga Janairun 2021, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, fasfon dabbobi da aka bayar a Ingila ko Scotland ko Wales ya daina aiki wajen shiga ƙasashen Tarayyar, aka koma takardar shaidar lafiya wadda likitan da gwamnati ta amince da shi yake sa wa hannu cikin kwana 10 kafin isa, kuma kowace tafiya da tata sabuwar takarda. Karen da ya fito daga ƙasar da ciwon bai kau ba, nasa ya fi tsawo, domin sai an ɗebi jininsa aƙalla kwana 30 bayan allura, a auna ƙarfin rigakafin, sannan a jira wata uku. Da yake ana yi wa dokokin nan gyara lokaci zuwa lokaci, wajibi ne a duba sanarwar gwamnatocin ƙasashen biyu kafin a sayi tikiti.

Inda na yi tuntuɓe shi ne wajen dawowa. Kafin kare ya shiga Birtaniya daga Faransa, dole ne likita ya ba shi maganin tsila, ya rubuta rana da sa'a, kuma tazarar da ke tsakanin shan maganin da shiga ƙasar kada ta gaza sa'a 24, kada ta wuce sa'a 120. Irin tsilar da ake gudu tana iya kama hantar ɗan Adam, shi ya sa Ireland da Malta da Finland da Norway su ma suke da wannan sharaɗi. Na kai karena wurin likita da yammacin wata rana, na isa tasha washegari da hantsi, aka duba takarda aka ce sa'o'in ba su cika ba. Jirgin ya tashi ya bar mu, muka wuni a tasha muna jiran wani. Ban ga laifin ma'aikatan ba, aikinsu suka yi.

To amma, ya Edita, ba takardu ne suka fi damuna ba. Takarda tana tsare ƙasa daga cuta, lafiyar dabbar a kan hanya kuwa amana ce a wuyan mai ita, kuma a nan ne na ga sakaci ya fi yawa. Daga Dover a Ingila zuwa Calais a Faransa tafiyar kimanin minti 90 ce a jirgin fito, kuma a jirage da dama ƙa'ida ita ce kare ya zauna cikin mota a can ƙasa inda ake jera motoci, fasinjoji su hau sama, ba a kuma barin kowa ya sauko sai an kusa tsayawa. Mutum ya haɗa wannan da lokacin da aka ɓata a layi kafin shiga, zai ga dabbar na iya shafe sa'a uku ko fiye a kulle. Wurin ba shi da wadatacciyar iska, ga rugugin injin, ga ƙararrawar motoci da ke tashi duk lokacin da jirgi ya yi tangaɗi, ga shi babu wanda ya sani a kusa. A tafiyata ta farko na sauko na tarar da karena yana haki, harshe a waje, miyau ya jiƙa masa ƙirji, jikinsa yana ɓari, alhali ranar ba a yi wani zafin kirki ba. Har yanzu idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum. Da haki yake sanyaya kansa, don haka idan iskar da yake shaƙa ta yi zafi, dabararsa ta ƙare. Ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta RSPCA ta sha gargaɗi cewa idan zafin waje ya kai digiri 22 a ma'aunin Celsius, cikin motar da ke rufe na iya kaiwa digiri 47 a cikin sa'a guda. Karnuka masu gajeren hanci, da tsofaffi, da masu ƙiba, su ne suka fi saurin galabaita. Saboda haka wanda ba shi da makawa sai ya bar karensa a mota, ya zaɓi jirgin asuba ko na dare, ya ɗan sauke gilasai, ya ajiye ruwa a kwanon da ba ya kifewa, ya kashe ƙararrawar motarsa, ya kuma sanar da ma'aikata cewa akwai dabba a ciki. Wanda yake da zaɓi kuwa, akwai jiragen da suka ware wurin zama ga masu karnuka, akwai kuma jirgin ƙasa mai ɗaukar motoci ta ƙarƙashin teku daga Folkestone zuwa Calais, minti 35 kacal, mai kare yana zaune tare da karensa. A doguwar tafiya irin ta Portsmouth zuwa Santander a Sifaniya, wadda ke cin fiye da kwana guda a kan ruwa, akwai keji da ɗakunan kwana da aka yarda a shiga da kare, sai dai ba su da yawa, dole a kama tun da wuri.

Ita ma motar tana da nata haƙƙin. Ƙa'ida ta 57 a dokokin hanya na Birtaniya ta ce a tsare kare a cikin mota yadda ba zai ɗauke hankalin direba ba, ba zai kuma ji rauni ko ya raunata wani ba idan aka taka birki da ƙarfi. Keji ko ɗamarar da ake maƙalawa a bel sun wadatar. A riƙa tsayawa bayan kowace sa'a biyu ya sha ruwa ya miƙe ƙafa, kuma a sa masa igiya tun kafin a buɗe ƙofa, domin karen da ya firgita ya ruga a bakin babbar hanya a ƙasar da bai sani ba, samunsa sai an sha wuya. Kada a cika masa ciki dab da tashi, kada kuma a ba shi maganin barci sai da izinin likita. Wanda bai saba da mota ba, a fara saba masa da gajerun tafiye-tafiye makonni kafin ranar.

Ƙasar da za a je ma sai an bincika. Faransa ta hana shigo da wasu nau'o'in karnukan faɗa, wurare da yawa suna neman a sa wa kare takunkumi a motocin haya da jirage, kuma a kudancin Turai akwai kaska da ƙananan ƙwari masu yaɗa cututtukan da karen Ingila bai saba da su ba.

Ina kira ga kamfanonin jiragen fito da su ƙara wuraren da mai kare zai zauna da dabbarsa, su kuma daina barin karnuka a cikin motoci a watannin zafi, ko da kuɗin tikiti zai ɗan ƙaru. Ga 'yan'uwana masu karnuka kuwa, idan tafiyar ta kwana biyu ko uku ce, ko karen ya tsufa, ko yana da ciwon zuciya ko na numfashi, ni a ganina barinsa gida a hannun wanda ya saba da shi ya fi masa alheri. Haka na yi a tafiyata ta bara, na dawo na same shi lafiya lau.

Na gode da wannan fili da aka ba ni.

Naka,
Mai karatu daga Ingila