Tarihin Abuja bai fara a 1976 ba

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai albarka domin in ja hankalin masu karatu kan wani gibi da nake gani a yadda ake ba da tarihin babban birnin ƙasarmu. Duk lokacin da aka tashi maganar Abuja, sai a fara daga kwamitin Mai Shari'a Aguda da sanarwar Janar Murtala Muhammed ta 3 ga Fabrairun 1976 kan gina sabon babban birnin ƙasa a can, kamar dai kafin ranar babu komai a wurin sai duwatsu da ciyawa. Alhali kuwa sunan nan na wata ƙaramar masarauta ne, wadda ta shafe kusan shekara 80 tana tsaye da ƙafafunta a tsakiyar manyan dauloli, ba tare da ta kai gaisuwa Sakkwato ko Gwandu ba.

Asalin maganar daga Zariya take. Lokacin da mutanen Malam Musa, mai tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, suka ci birnin a farkon jihadi, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya fita da fadawansa ya nausa kudu, har ya sami masauki a Zuba, ƙasar Koro. Bai zauna ba. Ya ci gaba da yaƙi har aka kashe shi a kusa da Lapai a 1825. Ƙanensa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja, shi ya gaje shi, kuma shi ne ya gane cewa yawo da ayarin mayaƙa ba zai raya sarauta ba, sai ya kafa gari a gaɓar kogin Iku a 1828, ya kewaye shi da ganuwa, garin ya ɗauki sunansa.

Sai mai karatu ya dubi maƙwabtan wannan gari kafin ya gane irin tsaka mai wuyar da yake ciki. A arewa ga Zariya, wadda ba ta taɓa mantawa da cewa akwai wasu da ke amsa sunan Sarkin Zazzau ba. A gabas da kudu ga Keffi da Nasarawa, dukansu masu biyayya ga Zariya. A yamma ga Lapai da Agaie da Bida, wadda a zamanin Etsu Masaba ta zama ɗaya daga cikin masu ƙarfin soja a yankin duka, sannan daga baya Kontagora ta 'ya'yan Nagwamatse ta ƙaru a kan jerin. Ko ta ina ka fita daga ƙofar Abuja, ƙasar wanda ya fi ka dawakai da bindigogi za ka taka.

A ganina, abin da ya tsare Abuja ba ganuwa ce kaɗai ba, ko da yake duwatsu da kurmin yankin sun hana dawakan abokan gaba sakewa. Babbar garkuwarta ita ce dangantakar da sarakunanta suka ƙulla da mutanen ƙasar da suka tarar, wato Koro da Gwari da Gade da sauransu, waɗanda suka san kowane lungu na duwatsun, kuma su ma suna da dalilinsu na ƙin masu farautar bayi daga arewa da yamma. Na biyu kuma, fadar ta riƙe tsarin sarautar Zazzau na dā, da su Madawaki da Galadima da Wambai da Dallatu, har da muƙaman mata irin su Sarauniya da Iya, kowa da huruminsa, don haka mutuwar sarki ba ta rushe gida ba. Abu Ja ya yi mulki har 1851, Abu Kwaka, wanda ake yi wa laƙabi da Dogon Sarki, ya biyo baya har 1877. Sarki biyu a cikin shekara 52, a lokacin da tuɓe sarki ya zama ruwan dare a Zariya, ba ƙaramin abin lura ba ne. Da Sarkin Zazzau Yero ya kawo babbar runduna wajen 1893, a zamanin Sarkin Abuja Ibrahim, haka ya koma ba tare da ya shiga garin ba.

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗi ɗaya gefen. Laƙabin da aka ba Sarki Ibrahim, Dodon Gwari, ya isa shaida cewa ba kowane ƙauyen Gwari ne ya ji daɗin maƙwabtaka da Abuja ba, kuma fataken da ke bin hanyar kudu sun sha kuka da 'yan kwanta-kwanta a ƙasar. Da wannan hujjar Turawa suka aiko da sojoji a 1902, Ibrahim ya rasa ransa, 'yancin masarautar ya ƙare.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne abin da ya faru a zamanin Sarki Sulaimanu Barau, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina, wanda ya hau a 1944. A hannunsa masarautar ta saki yanki mai yawa na ƙasarta domin a gina babban birnin tarayya, ta kuma saki sunanta, garin ya koma Suleja. Ƙasar da Zariya da Bida suka kasa karɓa da takobi, an bayar da ita cikin ruwan sanyi saboda haɗin kan Najeriya. Yau kuwa, kafin gari ya waye, dubban ma'aikata ne ke cika motoci daga Suleja, su wuce gindin Dutsen Zuma ta Madalla da Zuba, su je su yi wa birnin hidima, su dawo da dare garin da ke ɗauke da nauyinsu amma ba ya cikin kasafin birnin.

Saboda haka ina kira ga Hukumar Babban Birnin Tarayya da Gwamnatin Jihar Neja da su sa wannan tarihi a manhajar makarantunsu, su kuma haɗa kai da fadar Sarkin Zazzau Suleja a killace abin da ya rage na ganuwa kafin masu gine-gine su cinye shi. Ina kuma roƙon jami'o'inmu su tura ɗalibai su naɗi bayanan dattawan Koro da Gwari, domin har yanzu yawancin abin da aka rubuta daga bakin fada ya fito.

Naka,
Wani mai karatu daga Suleja, Jihar Neja.