Wasiƙa kan yumɓu, zare da fenti a ɗakin farfaɗo da majiyyata

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Saƙonka ya iso, na kuma yi murna da jin an damƙa maka ɗakin ayyukan hannu a sashenku. Ka ce wasu na kallon wurin a matsayin inda ake ajiye majiyyaci ya rage zaman banza kafin likita ya zo zagaye. Musu ba zai sauya musu tunani ba. Abin da zai sauya shi, shi ne yadda kake zaɓen aikin, da yadda kake daidaita nauyinsa, da abin da kake rubutawa a fayil.

Ka tuna dai daga aikin hannu sana'ar nan tamu ta farfaɗo da majiyyata ta hanyar ayyuka, wato occupational therapy, ta taso. A 1917 aka kafa ƙungiyarta ta farko a Clifton Springs da ke jihar New York a Amurka, kuma cikin waɗanda suka kafa ta akwai William Rush Dunton, likitan ƙwaƙwalwa, da Eleanor Clarke Slagle, da Susan Cox Johnson wadda malamar ayyukan hannu ce. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, da saƙa da sassaƙa aka riƙa dawo da hannun sojojin da suka ji rauni bakin aiki.

Kada ka fara da tambayar "me za mu ƙera yau". Fara da abin da mutumin ya rasa kuma yake so ya dawo masa: sa maɓallin riga, riƙe cokali, sa hannu a takarda, zama cikin mutane na rabin awa ba tare da ya tashi ya fita ba. Ma'aunin COPM na Kanada, wanda ya fito a 1991 don auna yadda majiyyaci ke ganin iyawarsa a ayyukan yau da kullum, yana taimakawa a nan. Majiyyaci da kansa yake ba kowace matsala maki daga 1 zuwa 10 kan muhimmancinta, da yadda yake iya yin abin, da gamsuwarsa. Idan aka sake aunawa aka ga ƙarin maki 2 ko fiye, ana ɗaukar sa canji mai ma'ana. Sai ka san inda aka dosa kafin ka ɗauko yumɓu ko zare. Kuma duk aikin da za ka bayar, ka yi shi da kanka tukuna, ka ƙirga matakansa, ka duba agogo, sannan ka sake yin sa da hannu ɗaya.

Bari in tsaya kan yumɓu da mai shanyewar ɓarin jiki, don nan ne ka fi tambaya. Zaunar da shi ƙafafu a ƙasa daram, tebur daidai gwiwar hannu, damtsen hannun da ya shanye a kan tebur, ba a rataye ba. Ka ba shi curin yumɓu mai laushi gwargwadon dunƙulen hannu, ka ɗora shi a kan allo, ka shimfiɗa abin da zai hana allon zamewa. Matakin farko dannawa ne da tafin hannu, lafiyayyen a kan mai rauni, har curin ya baje. Sai murzawa da hannu biyu a fitar da igiya mai kaurin santimita 2. In ya iya wannan ba wahala, a rage kaurin zuwa santimita 1. Matsawa da babban yatsa da manuniya don fitar da bakin ƙwaryar yumɓun da zai ƙera shi ne na ƙarshe, domin shi ya fi kusa da sa maɓalli. Minti 15 zuwa 20 sun isa a zaman farko.

Idonka ya fi zama a kan jikinsa fiye da kan yumɓun. In ka ga kafaɗa ta ɗaga zuwa kunne, ko jiki ya karkace gefe, ko ya riƙe numfashi, ko yatsun sun fara naɗewa suna ƙanƙamewa, to aikin ya fi ƙarfinsa, kuma yana koyon motsin da daga baya zai yi wuyar bari. Ka jiƙa yumɓun ya ƙara laushi, ko ka rage girmansa, ko ka matso da shi kusa da jiki. Abu ɗaya za ka sauya a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Ciwon kafaɗa kuwa dalilin tsayawa ne nan take, kuma ba a jan wannan hannun don a gyara masa zama. Wanda ya daina lura da ɓangaren hagu, za ka ga ya ƙera rabin ƙwarya ya ce ya gama. Manna jan tef a gefen hagu na allon, ka sa ya nemo shi da ido kafin kowane mataki, ka riƙa matsar da kayan aiki zuwa hagu kaɗan-kaɗan.

Yumɓun kansa yana da sharuɗɗa. Jikin abin da aka ƙera ya zama kauri ɗaya, kamar santimita 1, a bar shi ya bushe a hankali a inuwa, don inda kauri ya bambanta nan yake tsagewa, kuma wanda ya sha wahala ya ƙera abu ya dawo ya tarar ya fashe, da wuya ya sake zuwa. A goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma, ba a share busasshiyar ƙurar yumɓu, tana cutar da huhu. Mai buɗaɗɗen rauni a hannu ba ya taɓa shi. Wanda ba ya jin taɓi a yatsu, a nisanta shi da allura da gam mai zafi.

Masu amosanin gaɓɓai, ka naɗa soso a jikin buroshi ko ƙugiyar saƙa ya yi kauri, a riƙa hutawa akai-akai. In ciwo ya wuce awa 2 bayan an tashi, an zarce, a rage a zama na gaba.

A ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, abin da ake daidaitawa shi ne yawan zaɓi. Farar takarda da umarnin "zana abin da kake so" nauyi ne babba ga mai ciwon damuwa mai tsanani. Ka ajiye masa abu biyu kacal ya zaɓa, aiki mai tsari da zai kammala a zama ɗaya, kamar manna yankakkun takardu masu launi a kan zanen da aka riga aka fitar. Kammalawar ita ake nema. Wanda tunaninsa ke warwatse ko yake jin muryoyi, shi ma aiki mai matakai bayyanannu ya fi masa, mataki ɗaya a gabansa, sauran kayan a ɓoye. Gwajin ɗinkin fata na Claudia Allen, masaniyar sana'ar nan, wanda ke auna matakin fahimtar mutum, yana nuna maka daga inda za ka fara. Ɗinki uku ne masu ƙaruwar wuya, biyu ana nuna wa mutum, na ukun ana so ya gano da kansa daga samfuri. Abin lura shi ne ko yana koyo daga gani, ko yana hango kuskurensa in igiyar ta murɗe, ko yana iya gyarawa. Sai dai gwajin na buƙatar horo da kayansa na asali, kuma raunin ido ko na yatsu na iya saukar da makin mutumin da hankalinsa ƙalau yake.

Zane na ganin dama yana da amfani sosai, amma yana tono abin da ke binne, musamman ga wanda ya ga tashin hankali. Don haka kada ka fassara wa kowa zanensa. Baƙin fenti ba lallai baƙin ciki ba ne, wataƙila shi ne ya fi kusa da hannunsa. Ka ce masa, "Ba ni labarin wannan," ka yi shiru ka saurara. Ka ware minti 10 na ƙarshe don wanke buroshi da maganar abin da zai yi in ya fita, kada ya koma gado da abin da ya taso a buɗe. In kana son tsari da aka riga aka gina, akwai na Birgitta Gunnarsson a Suwidin, zama biyar ne, mutum na zana bishiyoyi da ke wakiltar lokutan rayuwarsa yana ba da labari, na ƙarshen kan abin da ke gaba.

In rukuni ne, ka fara da mutum 4 zuwa 6, kowa da nasa aikin a tebur ɗaya. Daga baya ka rage almakashi da gam don dole su roƙi juna, can gaba a haɗu kan aiki guda. A ƙirga duk abu mai kaifi kafin a fara da bayan an gama, ba wanda zai fita sai lissafi ya cika. Masu ciwon mantuwa kan kai abu baki, saboda haka fenti marar guba, kuma babu ƙananan duwatsun ado.

Abin da ya fi ɓata aikin nan shi ne tausayin da ke sa ma'aikaci ya karɓi ƙwaryar ya gyara mata baki don ta yi kyau. Da zarar ka yi haka ta zama taka, shi kuwa ya sake jin ba ya iyawa. Ka nuna a kan naka curin. Haka nan kada ka ba dattijo aikin da zai ji an mai da shi yaro, ka zaɓi abin da zai yi amfani da shi ko ya ba wani, ka kuma gaya masa dalili ƙarara: "Wannan matsawar ita ce za ta taimaka wajen maɓalli."

A fayil kada ka rubuta "ya ƙera ƙwarya". Rubuta cewa ya zauna minti 18 ba jingina, ya tallafe da hannun hagu, an tunatar da shi gefen hagu sau 3. Sannan a cikin makon ka kawo ainihin rigar ya gwada maɓallin, domin ƙarfin da aka samu a yumɓu ba ya komawa kan riga da kansa sai an yi atisayen rigar.

Ka rubuto min irin majiyyatan da suka fi yawa a sashenku da girman ɗakin, sai mu duba kayan da ya kamata ka fara nema. Ka gaida iyali da kyau. Allah Ya taimaka, Ya ba majiyyatanku lafiya.

Naka,
amininka